Karen da Ya Ƙi Barin Taga

Har yau ban manta da ranar da gardi biyu, dogaran gwamnatin Faransa, suka shigo mini da kare ɗaure da igiya, suna ja yana turjewa ba. Lokacin ina ƙaramin malamin dabbobi a Tawa, abin da Faransawa ke kira anfirme, shekaru kaɗan bayan yaƙin duniya na biyu. Bazara ce, irin wadda ƙarfen ƙofa ke ƙona hannu. Likitanmu Bature ya fita rangadi wajen Tebaram, ya bar mini makullai da littafin aiki.

Karen na wani dattijon Buzu ne, Alhusseini, da ke zaune da shanunsa arewa da Affala. Irin dogayen karnukan nan ne masu shafaffen ciki, da suke kira oska. Laifinsa, ya ciji wani gardi mai suna Garba a ƙwauri, don Garba ya kutsa cikin tanti ba sallama zai ba da takardar kira.

Ga yadda doka take. Kare in ya ciji mutum, sai a kulle shi kwana goma sha biyar, ana duba shi safe da yamma ana rubutawa. In lafiya lau, a mayar wa mai shi. In ya nuna alamar hauka, a harbe shi, wanda aka ciza kuma a ɗora shi mota zuwa Yamai ya sha allurai a fatar ciki. Garba ya fi tsoron alluran nan fiye da haukan.

Na sa karen a ɗakin ajiya mai ƙananan tagogi biyu, ɗaya arewa ɗaya kudu. Ta arewa kaɗai ke buɗe. Na shimfiɗa masa buhu a lungu mai inuwa, na ajiye tuwo da ruwa. Ko kallon buhun bai yi ba. Ya je ƙarƙashin tagar ya miƙe, nan yake wuni, nan yake barci. Ruwa yakan ɗan lasa, tuwo kuwa sai ƙudaje.

Rana ta huɗu mataimakin kumandan ya zo, wani saurayi da bai daɗe da sauka daga Faransa ba, muna ce masa Mushe, wato maigida da Faransanci. Ya leƙa, ya ce, "Ba ya ci, ba ya motsi, ga miyau yana zuba. Kare mai hankali zai bar inuwa ya kwanta inda haske yake? A harbe shi."

Shekara biyu muna lallashin mutanen arewa su kawo shanu allurar rigakafin ciwon bushiya, kuma Alhusseini mutum ne da ake jin maganarsa. In muka kashe masa kare, ko akuya ba za mu ƙara gani ba. Na ce, "Mushe, a ba ni zuwa gobe la'asar." Ya ɗaga kafaɗa, ya ce to.

Alhusseini yana zaune gindin wata aduwa bayan ofis, daura da tagar arewa, nan yake wuni tun ranar da aka kawo karen. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa abin da ake ciki. Na ga idonsa yana dariya a saman amawali.

"Malam, kai in aka kulle ka, ina za ka zauna?"

Na ce, "Wurin taga, Baba."

"To, shi mi ya yi? Wanga kare bai taɓa ganin bango ba. A tanti iska ta ko'ina take shiga. Kai da ido kake sanin duniya, shi da hanci. Wanda ya wuce, raƙumin da ya iso, kurar da ta kusato, duk iska ke kawo masa labari. Aikinsa tsaro ne, ko yana barci kunnensa na waje. Ga sanyi-sanyi kuma. Bayan haka, ga ni nan zaune, yana jin warina."

"To, abinci fa?"

"Mi kuka ba shi?"

"Tuwo da miya."

Ya tafa hannu. "Subhanallahi! Tun da aka haife shi nono yake sha da gero. Ni ma da kun ba ni tuwon bariki, da kun ce na haukace."

Washegari da la'asar Mushe ya zo, gardi na biye da shi da bindiga, Garba na ɗingishi a baya yana ta salati. Na ce, "Mushe, a littafinmu mahaukacin kare duhu yake nema, yana gudun haske da iska, kuma haɗiya tana gagararsa. Bari ka gani."

Na zagaya na rufe tagar arewa, na buɗe ta kudu, na sa Alhusseini ya koma can ya zauna shiru. Muna leƙe ta ramin ƙofa. Karen ya ɗaga kai, ya shinshina, ya tashi ya yi miƙa, ya taka a hankali zuwa tagar kudu, ya juya sau biyu ya kwanta. Sai na tura masa ƙwaryar nono da sanda. Kafin ka ce kwabo ya lashe ta tas, yana bin ta da harshe har bango.

Mushe ya ce a sake gwadawa. Aka sake. Ya ce a ƙara. Sau uku muna yawo da dattijo daga arewa zuwa kudu, kare na binsa daga ciki, har Alhusseini ya ce, "Malam, tambaye shi, karen ake gwadawa ko ni?" Da na fassara, Mushe ya yi dariya har ya cire hularsa. Ya sallami mai bindiga, ya ce a cika kwanakin doka. Garba kuwa ya zube ƙasa yana hamdala, shi da karen ya ciza ya fi kowa yi masa addu'ar lafiya.

Rana ta goma sha biyar likita ya dawo, ya duba karen, ya sa hannu. Da kaka ta yi, Alhusseini ya aiko a ce mu zo. Kwana uku muka yi muna allura a rijiyarsu, shanunsa da na danginsa, har hannuna ya kumbura.

Ku da kuke fara aikin nan yanzu, ga abin da na ɗauka. Littafi zai faɗa muku yadda ciwo yake, amma ba zai faɗa muku yadda dabba take in tana lafiya a gidansu ba. Wannan sai mai ita. Ni da takardar lakwal ɗina, wato makarantar boko, na yi kwana huɗu ina leƙen kare ta ramin ƙofa, alhali amsar tana zaune taku ashirin daga ofishina. Kafin ku ɗauki alƙalami, ku fita ku gaida mai dabba.