Mai Katifa da Autarsa

Mai Katifa ya gaji sana'ar ne daga mahaifinsa, haɗe da sandar bugun auduga da wata babbar allura mai lanƙwasa. A ɗakin ƙofar gida yake aiki. Sai ya farke tsohuwar katifa, ya zazzage audugar da ta dunƙule, ya yi ta bugu har ta tashi, sannan ya cusa ya ɗinke. Kafin la'asar gira da gemu duk sun yi fari, har yaran layi ke ce masa Tsoho, alhali ko furfura ɗaya bai yi ba.

Cikin 'ya'yansa, Auta ce ta liƙe masa. Da ta dawo daga makaranta sai ta faɗa cikin tulin auduga, wai ita ce mai gwada laushi. Da tari ya fara damunta, uwarta ta ce mura ce. Mai kemis ya ce sanyi ne. Kwalaben maganin tari suka cika taga, abin ya lafa yau, gobe ya dawo. In ta yi gudu, tari. In ta ƙyalƙyale da dariya, tari, har yayyenta suka daina tsokanarta.

Wata rana da hantsi malamarsu ta kawo ta a kafaɗa. Yarinyar ta kasa haɗa kalma biyu, ƙirjinta na fito kamar usur, fatar tsakanin haƙarƙarinta na lotsawa duk in ta ja numfashi. Haka uban ya kwashe ta sai asibiti, ko riga bai canza ba.

Sai da aka ba ta maganin shaƙa numfashinta ya daidaita, sannan likitar ta dube shi.

"Asma ce, malam, wadda ake ce wa fuka. Me kake yi ne duk jikinka ƙura haka?"

"Katifa nake yi, likita."

"A gida?"

Ya sunkuyar da kai. Ta ce ba shi ya sa mata ciwon ba, amma ƙurar na tayar da shi. Ta ba su abin shaƙa iri biyu: ɗaya kullum ko lafiyarta ƙalau, ɗaya sai ciwon ya taso. Ta sa shi ya gwada a gabanta har ya iya ba ta maganin.

Ya kwashe kayansa ya koma wata rumfa can ƙarshen kasuwa, kusa da masu walda. Tafiyar da nisa, ga masu kawo gyara sun ragu, kowa ya koma katifar soso. Da yamma yakan dawo yana jan ƙafa, ya tsaya a famfon tsakar gida, ya tuɓe rigar aiki, ya wanke kai da gemu. Auta na tsaye daga nesa.

"Baba, ka gama?"

"Saura kunne ɗaya."

Ciwon bai rabu da ita ba, amma yanzu yana daɗewa bai taso ba, in ma ya taso sun san abin yi. Rannan matarsa ke ba shi labari, wai Auta ta yi tsere a makaranta ta zo ta uku.

"Cikin mutum nawa?" in ji shi.

"Kai dai ka ce madalla."

"Madalla," ya ce, ya jingina da bango. Kafin ta kawo masa abinci, barci ya ɗauke shi a zaune.