Gwaggo Thyra da Finafinan Bebaye

Gwaggo Thyra, yayar mahaifina, ta fara aiki a wani kamfanin fim na Kopenhagen, babban birnin ƙasarmu, a 1911, tana buga tafireta. A lokacin fim bebe ne: 'yan wasa su yi ta motsa baki, sai a hasko rubutu a allo.

Wata rana marubucin kamfanin ya kwana a mashaya bai zo ba, ga 'yan wasa sun riga sun sha kwalliya. Darakta Holger Brask ya leƙo ofis.

"Malama Thyra, kin buga labarai da yawa, ai ko aku ne ya haddace. Haɗa mana ɗaya kafin rana ta faɗi."

Ta rubuta labarin matar wani masunci da teku ta cinye mijinta. Fim ɗin ya karɓu har Jamus. Daga nan aka ba ta tebur kusa da murhu, kusan kowane mako takan miƙa sabon labari. Sunan Brask ake sawa a allo. Da ta yi magana sai ya yi dariya.

"Haba Malama, wa zai bar gidansa cikin wannan sanyi don ya ga sunan mace?"

Wani ma'aikacin jirgin ƙasa ya nemi aurenta, da sharaɗin ta bar aiki. Ta ce ya jira ta gama labarin da take kai. Ya jira har ya gaji, ya auri wata.

Bayan yaƙin duniya na farko kasuwar fim ta mutu. Da fim ya fara magana kuma, sai aka ce mace ba ta san yadda maza ke hira ba. Aka sallame ta. Ta dawo gidanmu a Esbjerg da akwati ɗaya da ciwon yatsu, ta kama sayar da tikiti a siliman bakin tashar jirgin ruwa. Ba ta taɓa shiga ta kalla ba.

Ta tsufa sosai lokacin da wata ɗaliba, Bodil, ta zo nemanta. Muka ba ta kofi da baƙin burodi da kifi.

"Inna, ina finafinanki suke? Ina so in gani."

"An narkar da su tuntuni, 'yar nan. An ce akwai azurfa a jikinsu."

"To faɗa mini sunayensu, in rubuta."

Gwaggo ta faɗi uku, ta tsaya a na huɗu. Sai ta ce:

"Sauran sun gauraye mini. Duk dai wani ya mutu, wata ta yi kuka. Ci kifinki."

Bodil ta yi alkawarin dawowa da bazara. Gwaggo ta rasu kafin ƙanƙara ta narke. Mu shida muka raka ta, da mai siliman, wanda sai a makabarta ya ji cewa ta taɓa rubuta fim.