Wa Ya Matse Tsirkiyoyin Yaya Isufu?

Shekara talatin ke nan da aka kawo mana gawar yayana Isufu daga hanyar Cadakori. Jitarsa sai washegari ta iso.

Manomi ne kafin ya zama makaɗin bas, jitar nan mai kaurin murya. Hauya ta kaurara masa yatsu, in ya danna tsirkiya ɗaya sai ya haɗa da ta kusa. Abokin kiɗansa Habu, mai siraran yatsu, ya sa shi gaba: "Isufu, wanga hannu na huɗa ne, bar mana jita!" Yaya ya ce, "Naka na tsintar ƙwarƙwata ne, ɗan lakol, ɗan boko."

Sai ya sassaƙa sabon jaki, wato abin da tsirkiyoyi ke hawa a kai, da ƙashin saniya. Ya yi ta gurza gurabe da magagari, yana buɗa tazara, yana gwadawa, har yatsunsa suka samu wurin zama. Bai yarda kowa ya taɓa jitar ba.

Lokacin ne jam'iyyu suka fito, kowace tana neman makaɗa. Wata ta ɗauki su Yaya mitin, wato taron siyasa, a Cadakori ranar kasuwa. A gida ya ce mana shi biki yake kaɗawa, ba tuta ba, amma zai bi su ya faɗa musu a gaban idonsu. Labarin da aka ba jandarma shi ne ya yi kiɗa har la'asar, a hanyar dawowa ya faɗo daga kamyo, babbar motar da ta ɗauko su.

Da na duba jitar, na ga sabbin gurabe fari fat a jikin jakin, an matse tsirkiyoyi. Yatsan Yaya ba zai shiga nan ba. Kuma ba aikin filin mitin ba ne: sai an sassauta tsirkiyoyi, an zauna a natse. Ke nan tun kafin su bar garinmu Gidan Rumji wani ya san ba Isufu zai kaɗa ba.

Ranar sadakar bakwai na ce, "Habu, wa ya matse tsirkiyoyi?"

"Haba ƙanena, zafin rana ne."

"Rana tana riƙe magagari?"

Ya tashi ya nemi takalmansa.

Yau Habu dattijo ne, ana ba shi tabarma a sahun gaba. Jam'iyyar ta watse, 'ya'yanta sun canza tuta ba sau ɗaya ba. Da Yaya zai gani, ina jin dariya zai yi, ya ce ai ya faɗa. Ban ɗora wa kowa laifi ba, don ban gani da idona ba. Faɗuwa daga kamyo tana faruwa.

Laminu ɗan Yaya ya gaji yatsun uban. Bara ya nemi jitar, na ba shi, na ce ya sassaƙa nasa jakin, ya buɗa yadda hannunsa ke so. Muryar ta dawo gidan, Allah ya jiƙan mai ita.

Tsohon jakin yana aljihuna duk ranar da zan gaisa da Habu.