Gashin Burushin Mai Fenti

A bakin famfon bayan shago, wani mai fenti yana durƙushe yana wanke burushinsa. Ƙato ne, wuya kamar turmi, amma kalli hannun: ya jiƙa burushin a kananzir, ya cuɗa da sabulu, ya taje gashin a hankali kamar mai lallaɓa jaririya.

Wata siririyar mata, da gani matarsa ce, tana tsaye da kwanon abincinsa. Ta sunkuya za ta taya shi shanyawa.

"Ke! Cire ƙazamin hannunki! So kike ki tsinke masa gashi?"

"Yi haƙuri, Maigida."

Garin ja da baya ɗankwalinta ya zame. Gefen kanta babu gashi, an tuge shi, daidai faɗin tafin hannunsa.