Muryar Yazid Ba Ta Ji Labarin Rasuwarsa Ba

Ina neman afuwar mai karatu bisa damunsa da zan yi. Ni ba ma'abocin rubutu ba ne. A ajin manya na koyi baƙi, sauran abin da na sani kuwa a 'yan ƙasidun da ma'aikatan gona da na lafiya suke rabawa na tsince shi. Amma akwai nauyi a kaina, ban kuwa ga hanyar sauke shi ba sai wannan.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A ranar Talata, tara ga watan Disamba, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Yazid Ɗantsoho, mai gyaran waya a garin Daura, bayan zazzaɓi na 'yan kwanaki. Kafin azahar an kai shi makwancinsa. Ya bar mahaifiyarsa Hajiya Talatu, da mai ɗakinsa Fadila, da yara biyu.

Yazid, kai ne ka buɗe mana shafin talla a dandalin sada zumunta, mu ƙananan 'yan kasuwa, kai kaɗai kuma kake kula da shi. Ranar da ka fara zuwa shagona na turare da wannan magana, na ce maka turare hanci ke sayensa, waya kuwa ba ta da hanci. Ka yi dariya ka ce, "Kawu Auta, ai kwalbar ido yake fara gani. Goge min ita kawai." Na goge, ka ɗauka, ka ɗora muryarka a kai. Ba a yi wata ba sai ga 'yan tsallaken iyaka suna aiko direbobin garin Kongolam da hoton kwalbata a wayarsu. Ban manta ba kuma da Murja mai daddawa ta Baure, wadda ba ta fita. Ka hau babur ka je har ƙofar gidanta ka ɗauki kayanta hoto, ba ka dawo da komai ba sai ƙulli guda da ta rantse sai ka karɓa.

Al'adarka ce duk ƙarshen shekara ka tara mu a ƙofar shagonka bayan la'asar, ka faɗa mana abin da kake hange game da baɗi. Ba kullum kake dacewa ba. Akwai shekarar da ka ce kowa zai ɗaura agogo mai amsa kira. Shekarar ta ƙare kai kaɗai ke ɗaure da shi, muka yi ta tsokanarka, kana taya mu.

Bana ka yi zaman da wuri, a ƙarshen Nuwamba. Ka ce baɗi mai saye ba zai tsaya karanta talla ba, sai gajeren bidiyo da murya. Ka ce matan da ke sana'a a cikin gida za su sha gaban masu shago, domin su ba sa jin nauyin nuna kayansu kullum. Ka daɗe a kan ƙirƙirarriyar basira, wato na'urar da ake tambaya ta ba da amsa: wai ita mutane za su riƙa tambaya inda za su sayi abu, wanda ba ta san sunansa ba kuwa kamar ba ya kasuwa. Ka gargaɗe mu cewa za ta iya kwaikwayon muryar kowa, saboda haka amana za ta yi tsada, mutane za su koma ga wanda suka san fuskarsa. Daga ƙarshe ka ce lambar sirri ta kusa zama tarihi, yatsan mutum shi ne zai zama makullinsa. A nan na ɗaga hannu na ce ka rubuta lambarka a takarda ka ba wani ya ajiye, kamar yadda na karanta a wata ƙasida. Ka ɗaga babban yatsanka ka ce, "Kawu, wannan ina zai je ya bar ni?"

Bai bar ka ba, Yazid. Tare muka sa ku a ƙasa.

Mun gaggauta suturarka kamar yadda addini ya koyar, babu wanda ya tuna da waya. Sai bayan kwana uku aka gane a kulle take, shafin yana cikinta, lambar kuwa ba ka faɗa wa kowa ba. Na ji wasu suna cewa da an tuna kafin wanka da an dangwala yatsan. Ni ban yi nadamar wannan mantuwa ba. Ban ga yadda zan tsaya a kama hannun mamaci a kai kan waya ba.

Sai dai ga abin da ya biyo baya. Saboda himmarka, ashe ka riga ka naɗi tallace-tallacenmu har zuwa azumi, ka sa wa kowanne ranar fitarsa. Suna fita da kansu. Kowanne kuma da maganarka yake ƙarewa: "Ina nan shago, ku same ni." Mutanen garin Babban Mutum da ba su ji labari ba suna zuwa, su tarar da shagonka a rufe, su tsallako nawa. Kullum ni ke sanar da rasuwarka sabuwa, ni ke zaunar da mutum in ba shi ruwa. Na gaji, Yazid. Har na fara faɗuwar gaba idan na hango baƙo yana duban ƙofarka.

Tawa gajiyar mai sauƙi ce. Fadila tana cikin takaba, muryarka kuwa ta katanga take shigo mata daga wayoyin maƙwabta. An ce ranar da ta fara ji, sai da ta miƙe ta nufi zaure. Hajiya kuma, da na je gaishe ta na kawo zancen tsayar da tallan, ta dube ni ta ce, "Auta, ku bar min shi ya ƙarasa maganarsa mana." Na san kuma tallan yana kawo mana masu saye, shi ya sa wasunmu suka yi shiru. Ni dai na yanke shawara: ba na son cinikin da zai biyo ta kan hawayen iyalinka.

Allah Ya jiƙan ka, Yazid, Ya haskaka kabarinka, Ya sa ɗawainiyar da ka yi da mu ta zama haske a gare ka. Allah Ya ba Hajiya da Fadila da 'yan uwa haƙurin rashinka, Ya raya yaranka bisa alheri. Mu kuma Ya kyautata namu zuwan.

Ga roƙona ga ƙaninka Maliki da ke Katsina, da shugabannin ƙungiyarmu ta ƙananan 'yan kasuwa:

1. A nemi masani mai amana ya buɗe wayar a gaban iyali, ko a nemi masu dandalin su dakatar da shafin.

2. Kafin a taɓa komai, a kwafe wa Hajiya muryar ɗanta duka a memori, ta saurara a ɗakinta lokacin da ta so.

3. Idan an rasa yadda za a yi, a yarje min in manna sanarwar rasuwar a ƙofar shagon.

Ina jiran amsa kafin Juma'a, domin tallan da zai fita a ranar na turarena ne. Don Allah a ba ni ita a rubuce. Kada a turo min saƙon murya. Yanzu ba na iya buɗe shi.

Auta Maiturare, Daura.