Miyar Kifin Surukata

Da ana goge rana ɗaya daga rayuwar mutum, da na goge wata Lahadi da na zauna a gidan ɗana a unguwar Abbey Wood, a ƙasar Turawa, na naɗe hannu a gaban abinci.

Ɗan nawa na fari ne, shi ya sa ko a takarda ba na kiran sunansa. Ya auri 'yar ƙasar Finland, ma'aikaciyar jinya, yarinya mai natsuwa. Da ta haihu mahaifiyarta ta zo ganin jika, aka gayyace mu ni da Hajiya, mai ɗakina. Muka taso daga Old Kent Road, muka hau bas, muka hau jirgin ƙasa.

Tsohuwar nan tun asuba take kicin. Ta jera miyar kifi da aka dafa da madara da dankali, da baƙin burodi, da wata irin waina mai siffar kwalekwale da shinkafa a tsakiya, ana shafa mata man shanu da dafaffen ƙwai. Aka ce kowa ya zauna a tebur ɗaya. Ni kuwa tunda nake ban taɓa tauna abu a gaban suruka ba. A garinmu ɗaki ake kai wa mutum kwanonsa a rufe. Na ce, "Alhamdu lillahi, a ƙoshe nake." Jira nake a matsa mini sau biyu ko uku, ko a kai mini gefe. Ashe su can sau ɗaya ake tayi. Tsohuwar ta gyaɗa kai, ta ɗauke farantina ta mayar kabad.

Kunya na riƙa gaya wa mutane. Amma akwai saura. Na ƙyamaci abincin. Zuciyata ta ce wa ya san abin da aka taɓa dafawa a tukunyar. Tambaya ɗaya ta isa ta raba ni da zargi, ban yi ba.

Shekara uku matar ɗana ba ta ƙara girka mini komai ba. In mun je, sai a sayo mini shinkafa a shagon 'yan Najeriya, a miƙo mini cikin roba a rufe. Ni har daɗi nake ji, na ɗauka girmamawa ce. Gaisuwarta ta gajarce. Zuwansu gidanmu ya koma daga salla sai salla, ban kuma tambayi dalili ba.

Hajiya ce ta fasa ƙwan. Rannan ta dawo daga can, ko mayafi ba ta cire ba.

"Alhaji, ka san yarinyar nan ta ɗauka ƙazamai kake ganinsu, ita da uwarta?"

"Subhanallahi! Yaushe na ce haka?"

"Bakinka bai ce ba. Uwarta sabuwar tukunya ta sa aka sayo saboda kai, ta bar nama ta yi kifi don kada ka yi shakka. Ni da na ci, mutuwa na yi? To ta sake zuwa, jibi za ta koma, kuma likita ya ce ƙafafunta ba za su ƙara ɗaukar doguwar tafiya ba. Sai ka zauna, sarkin kunya."

Washegari na tafi ni kaɗai, ko waya ban yi ba. Na sauka daga jirgi na nufi gidan. Matar ɗana ta buɗe ƙofa, ta ce, "Baba, lafiya?" Na ce mata da Turancina na masu gadi, "Yunwa ce ta kawo ni. Mama tana nan?"

Ta fassara wa uwarta. Tsohuwar ta dube ni. Can sai ta jawo sandarta ta nufi kicin.

Miyar ba yaji ko kaɗan, amma ta kwanta mini a ciki. Burodin yana da tauri, tsaminsa kamar na kunun tsamiya. Wainar nan kuwa sai da na ci biyar, a gabanta, tana kallon bakina. Daga ƙarshe ta miƙo mini wata baƙar alewa. Ina jefa ta a baki na ji kamar na lashi kanwa da gishiri. Hawaye ya cika idona. Na haɗiye da ƙyar, na ce, "Da daɗi."

Tsohuwar ta fashe da dariya har tana buga tebur. Matar ɗana ta ce, "Baba, wai ba gaskiya ka faɗa ba. Amma wai yanzu ta yarda miyar ta yi maka daɗi, tunda fuskarka ba ta iya ɓoye komai."

A nan na faɗa musu duka, da kunyar da zargin, na nemi gafara. Tsohuwar ta ce da na tambaya tun ran farko, da ta nuna mini tukunyar. Matar ɗana ta share ido, ta ɗauko farantinta ta zauna kusa da ni, muka ƙarasa cin abincin tare. Na fito daga gidan, jikina sakayau. Kwana ɗaya ya rage mini, Allah ya sa ban makara ba.

Ina roƙonku, ku da za ku karanta wannan, kada ku yi yadda na yi. In baƙon hannu ya ajiye muku abinci, ku tambayi abin da ke ciki da bakinku, in ya halatta ku yi bismilla.