Harsashin Kawu Nata'ala Na Bakwai

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Alhamis, 14 ga Maris 1957, daidai da 12 ga Sha'aban, da ƙarfe goma da minti ashirin na safe, Allah ya karɓi ran kawuna, Malam Nata'ala maharbi na unguwar Zaitawa, a ɗakin shan magani na wani ƙauye a bakin dajin Falgore. Lokacin daga malamin asibitin na same shi, don shi kaɗai ke da agogo a wurin. Ɓauna ce ta soke shi a ciki bayan ya harbe ta sau biyu. An kawo shi Kano a mota, aka yi masa sutura kafin magariba. Shekarunsa hamsin da biyu, bisa takardar sallamarsa daga soja.

Kawu, tun da ka dawo daga yaƙin Bama ka sami lasin riƙe bindiga mai harsashi, ba ka taɓa shigowa da nama ka wuce gidajen da babu maza ba. Sai an kai wa Kulu makauniya da 'Yardada kasonsu kafin matarka Inna Turai ta ɗora tukunya. Ba ka harbin mace mai ciki, ko da kwana uku ka yi a dawa ba ka ga komai ba. Da mahaifina ya rasu, kai ka tsaya na ci gaba da karatu, ka raka ni da ƙafa ranar da zan shiga makarantar duba-gari. Da na gama a watan Disamba na kawo maka takardata, ka juya ta gaba da baya, ka ce wa Inna ta rufe randunanta, Malam Duba-gari ya iso, yau sauro ba shi da mafaka a Zaitawa.

Akwai abin da ya wajaba in rubuta, domin har yau mutum biyu kawai na gaya wa.

Ranar Laraba da safe na zo gaishe ka, aka ce ka tafi kasuwar Kurmi sayen igiya da gishiri, za ka tashi da azahar. Manoman fadamar Falgore ne suka aiko saboda ɓaunar da ke ɓata musu lambu, har ta karya wa wani ƙafa. Na shiga ɗakinka na ga bindigar a jingine. Na ɗaga bututun wajen haske, na ga cikinsa baƙi da hayaƙin harbi. Shekara biyu ana koya mini cewa datti shi ne mafarin kowace ɓarna. Na zura tsumma da igiya sau takwas har ya fito fari, na shafa man keken ɗinki, na mayar da ita yadda na same ta. Ban gaya wa kowa ba. Na so ka gani da kanka ka ji daɗi.

Ranar addu'ar uku, abokin farautarka na shekara goma sha ɗaya, Malam Kyari na Yakasai, yana ba masu gaisuwa labarin yadda kake aiki. Ya ce in kun dawo daga dawa, kakan zuba tafasasshen ruwa a bututun don kada ya yi tsatsa, ka busar, ka shafa mai, ka ajiye. Amma ba ka fita farauta da bututu mai mai a ciki. Sai ka fara harba guda a jikin suri, don ka gwada sau da yawa ka ga harbin farko daga bututun da aka goge yana hawa sama da inda ka saita, wajen ɗani guda a taku ɗari, na biyu da na uku kuwa suna faɗawa wuri ɗaya. Ya ce ranar Talata da la'asar kun fita bayan ganuwa ka yi wannan harbin, don kada ƙarar bindiga ta kori ɓaunar in kun isa can. Baƙin da na gani ke nan. Da gangan ka bar shi.

Na jira mutane suka ragu, na gaya wa Malam Kyari abin da na yi. Ya ce ɓaunar tana taku sittin daga gare ka. Harbin farko ya same ta a saman kafaɗa, kamar yatsa huɗu sama da inda ya kamata. Na biyu ya shiga ƙirji, amma ta riga ta iso. Ya ce ta ɗaga kai daidai lokacin da ka ja kunamar bindigar, kuma ya ga gwanaye sun kuskure da fiye da haka.

Na shiga wajen Inna Turai na durƙusa na faɗa mata. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Isyaku, shekara ashirin ina zaune da kawunka. In na sa wa keke mai a ɗaki, daga soro yake jin warinsa. Kana ganin zai rungumi bindiga rabin yini a mota bai ji ba? Tashi ka ci abinci."

Na ƙirga abin da ya rage. Inna ta ga ka sa harsashi bakwai a jaka. Biyu ka harba wa ɓaunar. Huɗu aka samu. Malam Kyari ya bar ka bayan sallar asuba ya tafi kiran manoman, bai dawo ba sai da rana ta fito, kuma bai ji harbi ba a tsakani. Wata mai tallar nono ta ce ta ji ƙara daga wajen rafi a wannan lokacin, amma ba za ta rantse bindiga ce ba.

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka, ya sa naman da ka ciyar ya zame maka nauyi a mizani. Ina yi wa Inna Turai da 'ya'yanka Hauwa da Shehu da Malam Kyari da duk mutanen Zaitawa ta'aziyya. Allah ya ba mu haƙuri. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya sa ni ma a addu'a.

Abin da ban sani ba shi ne: ko ka ji warin man. Ko ka duba bututun a hanya. Ko harsashin na bakwai ka harba shi a suri da asubar nan, ko kuwa faɗuwa ya yi a ciyawa lokacin da aka ɗauke ka. Na je wurin ranar Asabar ta mako mai biyowa na duba suri goma sha huɗu, ban ga rami ba, amma gara tana toshe rami a kwana ɗaya. Kuma in ka gane ni ne, ban sani ba ko ka yafe mini kafin ƙarfe goma da minti ashirin.